LAFIYA UWAR JIKI: Gocewar Ƙashi Bayan An Sake Gaɓar Kwatangwalo

 

A wannan karon za mu taɓo wata magana wadda a da sai dai mu ji ta a bakin waɗanda suka je Turai, amma yanzu ta shigo zangunanmu, wato aikin tiyatar da ake cire lalatacciyar gaɓar kwatangwalo a sa ta ƙarfe. Ana yin wannan aiki a nan Gana, a manyan asibitoci irin su Korle Bu a Ankara, da Komfo Anokye a Kumasi, da asibitin ƙashi na FOCOS da ke Pantang, wanda aka buɗe a shekarar 2012. Wasu kuma sukan tafi har Indiya. Aiki ne mai cin kuɗi ainun, sau da yawa sai dangi sun yi karo-karo, wani ya sayar da fili, wani ya aiko daga ƙasar waje, kafin a haɗa abin da ake bukata. To, abin baƙin ciki shi ne, tsuguno guda ɗaya na iya mai da hannun agogo baya.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne abin da ya sami wata 'yar'uwarmu, wadda ta yarda mu ba da labarinta amma ban da sunanta. Matar aure ce, shekarunta sun kusa 30, mai fama da ciwon sikila tun tana ƙarama. Ciwon ya cinye mata kan ƙashin cinyar dama har ta koma tafiya da sanda. Aka yi mata aiki, aka yi nasara, ta dawo gida. Kwananta 18 da aiki sai ga surukarta ta zo dubiya daga wani gari. Yarinyar nan tana zaune a bakin gado, tana jin sallamar tsohuwa sai ta miƙe, ta zube ƙasa ta durƙusa kamar yadda ta saba, gwiwoyi a haɗe, ta karkata jiki tana cewa, “Sannu da zuwa, Inna.” Ba ta rufe baki ba sai aka ji ƙas! Ta ƙwalla ƙara, ta kasa tashi. Tsohuwa ta ruɗe tana cewa, “Wayyo 'yar nan, wa ya ce ki durƙusa mini? Da na sani da ban shigo ba.”

Nan da nan maƙwabta suka cika gida, aka ce a kira mai ɗori. Allah Ya sa wanta yana kusa. Ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, ƙarfe ne a jikinta, ba mai taɓa ta sai wanda ya sa shi.” Aka ɗauke ta a kwance zuwa asibiti, aka yi hoton ƙashi, aka yi mata allurar barci aka mai da gaɓar. Yau tana tafiya da ƙafarta. Amma ta ƙara makonni a kwance, an ƙara kashe kuɗi, kuma an gaya mata cewa gaɓar da ta taɓa gocewa ta fi saurin sake gocewa.

YADDA GAƁAR TAKE

Domin mu gane abin da ya faru, sai mu duba yadda Allah Ya halicci wannan gaɓa. Kan ƙashin cinya a dunƙule yake kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani kwarmi mai kama da ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. Akwai wata jaka mai kauri da jijiyoyi da tsoka da suka kewaye su, suka ɗaure su tamau. Idan gaɓar ta lalace, likita yakan yanke ƙwallon, ya soka ƙarfe cikin ƙashin cinya mai sabon ƙwallo a kansa, sa'an nan ya dasa sabon ƙoƙo mai shimfiɗar roba ko tangaran a ciki. Wani likita Bature, John Charnley, shi ya daidaita irin wannan aiki a asibitin Wrightington na Ingila a shekarar 1962, kuma tun daga lokacin mutane miliyoyi suka amfana.

Sai dai kafin likita ya isa ga gaɓar dole ya tsaga jakar nan da wasu tsokoki. Ko ya ɗinke su, suna bukatar mako 6 zuwa 12 kafin su yi ƙwari. Bugu da ƙari, sabon ƙwallon bai kai na asali girma ba. Idan aka lanƙwasa cinya fiye da kima, wuyan ƙarfen yakan tokari bakin ƙoƙon, sai ya ɓamɓaro ƙwallon waje, kamar yadda ake ɓalle murfin kwalba. Wannan shi ne gocewa. A ƙiyasin likitoci, cikin mutum 100 da aka yi wa aikin karo na farko, 1 zuwa 3 sukan gamu da ita, kuma fiye da rabin gocewar tana faruwa ne a cikin wata 3 na farko. Ke nan mafi yawan mutane lafiya lau suke warkewa. Amma wanda abin ya faɗa wa, lissafi ba ya yi masa maganin komai.

WAƊANDA SUKA FI SHIGA HAƊARI

Na farko, dalilin da ya sa aka yi aikin yana da tasiri. Wanda aka yi wa saboda gaɓarsa ta sanƙare a hankali da amosanin gaɓɓai ya fi samun sauƙi, domin jikinsa ya riga ya saba da taƙaita motsi. Amma tsoho ko tsohuwar da ta faɗi a banɗaki wuyan ƙashin cinya ya karye, aka sa mata sabuwar gaɓa, haɗarinta ya fi yawa. Haka nan wanda kan ƙashinsa ya mutu saboda jini ya daina isa wurin. Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai, domin yana daga cikin manyan illolin sikila. A nan Gana, kimanin jarirai 2 cikin 100 da sikila ake haihuwarsu, abin da ya fito fili tun da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi a shekarar 1995. Saboda haka masu sabuwar gaɓa a cikinmu ba tsofaffi kaɗai ba ne, har da samari da 'yan mata masu jini a jika, waɗanda da zarar zafin ciwo ya tafi sai su manta da akwai ƙarfe a jikinsu.

Na biyu, wanda aka taɓa yi wa aiki a wannan gaɓar, aka sake buɗewa don a canza ƙarfen da ya saki ko ya lalace, haɗarinsa ya ninka na mai aikin farko sau da yawa, domin tsokar wurin ta sha wuƙa ta yi rauni.

Na uku, duk abin da ya raunana tsoka ko ya rage wa mutum iko da jikinsa. A nan akwai tsufa sosai, da shanyewar ɓarin jiki, da cutar karkarwa ta Parkinson, da farfaɗiya, da shan inna. Akwai kuma gigin tsufa, inda za a gaya wa tsoho kada ya sunkuya, ya amsa da to, bayan minti biyar ya manta. Irin wannan ba laifinsa ba ne, aikin masu jinya ne su sa ido.

Na huɗu, giya da ƙwayoyi. Ba ma so mu faɗa, amma gaskiya ɗaya ce: tramol da makamantansa sun yi wa wasu matasanmu illa. Wanda ya bugu ba ya jin gargaɗin da jikinsa ke yi masa, zai zauna yadda ya ga dama, zai faɗi ba tare da ya kare kansa ba.

Na biyar, ƙiba mai yawa. Idan cinyoyi suka yi kauri, sukan tokari juna ko su tokari ciki lokacin zama, su tura ƙwallon waje.

Na shida, sanƙarewar ƙashin baya. Wannan ilimi ne da likitoci suka ƙara fahimta a shekarun baya-bayan nan. Idan mai lafiyar baya zai zauna, ƙugunsa yakan ɗan kwanta baya ya ba cinya hanya. Wanda bayansa ya sanƙare, ko aka taɓa yi masa aiki aka ɗaure ƙasusuwan bayansa da ƙarfe, ƙugunsa ba ya yin wannan motsi, sai duk nauyin lanƙwasawar ya koma kan sabuwar gaɓa. Duk mai tsohon ciwon baya ya gaya wa likita tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

ABIN DA KE HANNUN LIKITA

Ba kullum laifin majinyaci ba ne. Akwai hanyoyin da likita ke bi ya isa gaɓar: ta baya, ko ta gefe, ko ta gaba. Hanyar baya ita aka fi bi a wurare da yawa, kuma a da ita ta fi yawan gocewa, amma tun da likitoci suka riƙa ɗinke jakar baya da kyau bambancin ya ragu sosai. Sanin hanyar da aka bi yana da amfani gare mu. Wanda aka shiga ta baya, abin tsoronsa shi ne lanƙwasa cinya sosai, da haɗe gwiwa, da juya ƙafa ciki. Wanda aka shiga ta gaba kuwa, abin tsoronsa shi ne jan ƙafar baya tare da juya ta waje.

Sai kuma yadda aka dasa ƙoƙon. A shekarar 1978 wani likita mai suna Lewinnek da abokan aikinsa a Amurka suka ba da ma'aunin da aka daɗe ana bi, wato ƙoƙon ya karkata digiri 40 ta gefe, digiri 15 ta gaba, da rangwamen digiri 10 ko ta ina. Daga baya, a shekarar 2016, likitocin asibitin Mayo suka nuna cewa fiye da rabin gaɓoɓin da suka goce a wurinsu suna cikin wannan ma'auni. Ashe kyawun dashe kaɗai bai isa ba.

Girman ƙwallon ma yana da muhimmanci. Na Charnley faɗinsa milimita 22 ne. A yau an fi sa mai milimita 32 ko 36, domin babban ƙwallo sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsallake bakin ƙoƙo. Akwai kuma wani iri mai motsi biyu, wanda likita Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a birnin Saint-Étienne na Faransa a shekarun 1970, inda ƙaramin ƙwallo ke juyawa cikin babban ƙwallon roba, shi kuma yana juyawa cikin ƙoƙo. Likitoci sukan zaɓe shi ga waɗanda haɗarinsu ya yi yawa. Daɗin daɗawa, likitan da ya saba yin aikin a kai a kai ya fi samun kyakkyawan sakamako. Babu rashin kunya a tambayi likita sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara.

ZAMANMU NA GIDA

To jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Takardar gargaɗin da ake ba majinyaci a asibiti an tsara ta ne don mutanen da ke zama a kujera, su ci abinci a tebur, su kwana a gado mai tsawo. Mu kuwa rabin rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma muke cin tuwo, a tabarma muke karɓar baƙi, a ƙasa muke zaman makoki da na suna. Mai sayar da koko da ƙosai tun asuba tana kan 'yar kujerar tsuguno, haka mai tuƙa tuwo, haka mai wanki. Masan gidajenmu na haya da na unguwa galibi na tsuguno ne. Duk waɗannan suna sa gwiwa ta haura ƙugu, wanda shi ne abu na farko da ake hana mai sabuwar gaɓa.

Don haka gyaran gida ya kamata ya riga majinyaci dawowa. A nemi kujera mai ƙarfi, mai wurin dafa hannu, wadda mazauninta ya ɗara gwiwarsa tsawo. Kujerar kushin mai lotsawa ba ta dace ba. Idan katifa a ƙasa take, a nemo gado, ko na aro ne. Maganar masai kuwa, kafinta zai iya huda kujerar katako mai tsawo a ɗora bisa ramin, ko a sa bokiti a ƙarƙashinta a cikin ɗaki. A yi wanka a tsaye ko a kan doguwar kujera, a ɗora bokitin bisa wani abu don kada a sunkuya ɗibar ruwa. Wurin kwanciya a sa matashi tsakanin cinyoyi. Kada a harɗe ƙafa, kada a ɗora ɗaya bisa ɗaya. Abin da ya faɗi ƙasa a bar yara su ɗauko. Idan za a juya, a ɗaga ƙafa a juya gaba ɗaya, kada a kafe ta a ƙasa a murɗa jiki. Wurin hawa matakala ƙafa mai lafiya ke fara hawa, wurin sauka mai ciwo ke fara sauka.

Hawa babur a watannin farko ganganci ne, haka cusa kai a kujerar baya ta torotoro inda gwiwa ke taɓa haɓa. In tafiya ta zama dole, a ɗauki tasi, a zauna gaba, a tura kujerar baya, a fara ajiye mazaunai sa'an nan a shigo da ƙafafu tare. Kuma kada a yi wasa da zuwa wurin masu gashin ƙashi, domin motsa jikin da suke koyarwa shi ke ƙarfafa tsokar da za ta riƙe gaɓar.

SALLA DA GAISUWA

Mun san abin da ya fi damun dattawanmu shi ne salla. Sujada tana lanƙwasa cinya fiye da yadda aka yarda. Zaman tahiyya irin namu na Malikiyya, inda ake zama bisa mazaunin hagu a fitar da ƙafafu ta dama, yana lanƙwasa cinyar dama yana kuma juya ta ciki, wato dai irin motsin nan da ke fitar da ƙwallon ta baya. Addini bai matsa mana ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara, ko a kwance idan zaman ma ya gagara. Mai sabuwar gaɓa zai iya tsayawa inda ya iya, ya zauna a doguwar kujera ya yi nuni da ruku'u da sujada, ba tare da ya duƙa sosai ba. Wurin alwala wani ya wanke masa ƙafa, ko ya nemi fatawar malaminsa. Muna roƙon limamanmu su riƙa faɗar wannan a masallaci, domin tsoho ya fi jin maganar liman da ta ɗansa. Lokacin komawa sujada a ƙasa kuwa, wannan likitan da ya yi aikin ne zai faɗa.

Sai gaisuwa. Durƙusa wa manya tarbiyya ce mai kyau, ba mu ce a bari ba. Amma 'yar'uwarmu da muka ba da labarinta ta san an hana ta, kunya ce ta fi ƙarfinta. Babu yarinyar kirki da za ta iya ce wa surukarta ba zan durƙusa ba. Saboda haka nauyin yana kan manya. Uwa ko suruka ko kawu da ya zo dubiya, tun daga bakin ƙofa ya ce, “Yi zamanki, 'yata, na yafe miki, kada ki motsa.” Wannan kalma guda ta fi duk lemun da za a kawo mata amfani.

IDAN ABIN YA FARU

Alamun ba su ɓuya. Za a ji ƙara ko a ji wani abu ya zame, sai zafi mai tsanani a kwatangwalo ko matsematsi, mutum ya kasa taka ƙafar. Sau da yawa ƙafar takan gajarce ta juya ciki, wani lokaci kuma ta juya waje. Idan haka ta faru, a bar shi yadda yake, kada a ja ƙafar, kada a ce za a miƙe ta. Kada a ba shi abinci ko abin sha, domin mai yiwuwa a yi masa allurar barci. A kira motar asibiti ta lamba 112, ko a ɗauke shi a kwance zuwa asibitin da ke da likitan ƙashi.

Muna girmama masu ɗorinmu, sun gaji sana'arsu kaka da kakanni. Amma wannan ba wurinsu ba ne. Jan ƙafa da ƙarfi ba tare da hoto da allurar saki tsoka ba na iya fasa ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, musamman ƙashin mai sikila da ba shi da ƙwari, ko ya ji wa babbar jijiyar da ke bayan gaɓar rauni har ƙafar ta shanye. A asibiti, mafi yawan lokuta ana mai da gaɓar ba tare da yanka ba, kuma kimanin biyu bisa uku na waɗanda aka mai wa ba sa sake gocewa. Wanda tasa ta yi ta maimaitawa shi ne ake sake yi wa tiyata.

KAFIN A BAR ASIBITI

Wasu likitoci a yau sun sassauta dokokin nan, domin bincike ya nuna cewa ba kowa ke bukatar tsananinsu ba. Sai dai akasarin wannan bincike a Turai da Amurka aka yi shi, kan mutanen da ba sa tsuguno. Don haka mu buɗe baki mu gaya wa likita yadda muke zaune a gida: irin masan da muke shiga, inda muke kwana, yadda muke salla, da sana'ar da za mu koma. Mu tambaye shi ta wace hanya ya shiga, wane girman ƙwallo ya sa, wane motsi ya hana, kuma har tsawon wane lokaci. Waɗanda suka je Indiya ko wata ƙasa, kada su baro asibitin sai da takardar da ta nuna irin ƙarfen da aka sa da girmansa, tare da hotunan ƙashi, domin ranar da matsala ta taso likitan gida ne zai gyara. Idan majinyaci ba ya jin Turanci ko Tiwi sosai, a tafi da wanda zai fassara masa dalla-dalla, kada a bar shi yana gyaɗa kai don kunya.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Dangin da suka iya haɗa kuɗin aiki ba za su kasa haɗa kuɗin doguwar kujera da gado ba. Wanda ya karanta wannan shafi, don Allah ya karanta wa iyayenmu da ba su iya boko ba.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta hannun edita. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.